CA-125 ya sauka amma bai kai rabi ba: kimo na aiki ko a canza magani?

Sabon_Likita

Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman ƙarin haske kan yadda ake karanta alamomin daji na jini lokacin da mara lafiya ke kan kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji. Ga misali don a samu abin kamawa. Mace ce mai shekara 54, sankarar ƙwan mace ta bazu a cikinta, ana ba ta carboplatin da paclitaxel duk bayan mako uku da niyyar a yi tiyata daga baya. CA-125, alamar wannan sankara a jini, da aka auna mako biyar kafin a fara magani ya nuna 1,240. Ranar zagaye na biyu ya nuna 1,180. Ranar zagaye na uku 640, amma wannan a wani lab na cikin gari aka yi shi, domin sinadarin gwajin na farko ya ƙare. An kuma zuƙe mata ruwan ciki lita huɗu kwana uku kafin gwaji na biyu.

Shin wannan sauka ce da za a ce magani ya karɓe ta? Nawa ya kamata lambar ta sauka, a cikin kwana nawa? Kuma idan kuɗin hoton CT ya gagari dangi, za a iya dogara da gwajin jini kaɗai?

Likitar_Mata

Wa alaikumus salam Dakta. Lambobin nan uku ba za su hau ma'auni ɗaya ba, kowace da nata aibin.

Ta farko ta tsufa. Ƙa'idar GCIG, ƙungiyar da ta haɗa masu binciken sankarar mata na ƙasashe, ta ce gwajin tushe dole a ɗauke shi cikin mako biyu kafin a fara magani, kuma ya kai aƙalla ninki biyu na iyakar lafiya, wato lambar da ta mai lafiya ba ta wucewa. Iyakar 35 ce, don haka sai daga 70 zuwa sama. Ciwo mai saurin girma ba ya zama yana jiran a haɗa kuɗin magani. A mako biyar ɗin nan mai yiwuwa 1,240 ta haura nesa, ta yadda 1,180 da kake gani kamar ba ta motsa ba, sauka ce ta gaske. Ba yadda za a yi a sani yanzu, tunda ba a ɗibi jini ranar farko ba.

Ta biyu kuma allurar zuƙe ruwa ta ɓata ta. CA-125 ba ƙwayoyin daji kaɗai ke yin sa ba, tantanin da ya lulluɓe kayan ciki da na huhu shi ma yana fitar da shi duk lokacin da aka taɓa shi. Shi ya sa ƙa'idar ta ce idan an huda ciki ko ƙirji, ko an yi tiyata, a cikin kwana 28 da suka wuce, ba a yanke hukunci da wannan lamba. Ta uku, batun canjin lab, na bar wa mutanen ɗakin gwaji.

Yadda ake lissafin idan komai ya tafi daidai: ana cewa magani ya karɓa idan lambar ta sauka da kashi 50 cikin ɗari ko fiye daga tushe, sannan aka sake aunawa bayan kwana 28 aka tarar saukar tana nan. Rabin 1,240 shi ne 620. Kenan 640 ta kusa amma ba ta kai ba, sai dai kada wannan ashirin ta hana ka barci, bambancin injina biyu ma ya fi haka. Ana cewa ciwo ya ci gaba idan lambar ta ninka mafi ƙanƙantar inda ta taɓa sauka, ko ta kai 70 ga wadda tata ta riga ta koma daidai, a gwaji biyu da aƙalla mako ɗaya tsakaninsu. Babu inda aka ce a canza magani don lamba ɗaya ta ƙi sauka bayan zagaye na farko.

Abin yi ga wannan baiwar Allah: a ba ta zagaye na uku. Daga yau a riƙa ɗibar jinin CA-125 da safiyar ranar kimo, kafin a saƙala ruwa, da allura ɗaya da ta ƙidayar jini, a kai lab ɗaya. A auna faɗin ciki da tef a daidai cibiya, a rubuta nauyinta, a lura kwana nawa ruwa ke ɗauka kafin ya sake taruwa. Matar da a da sai an zuƙe ta duk kwana goma, yanzu ta yi mako uku zanenta na ɗauruwa kuma tana cin tuwo, wannan shaida ce babba. Bayan zagaye na uku a yi CT, domin shi ne zai nuna wa mai fiɗa ko ciwon zai ciru.

Idan an samu sahihan lambobi uku cikin kwana ɗari na farko, akwai lissafin KELIM da masu bincike a Lyon ta Faransa suka fitar, ana shigar da ranaku da lambobi a intanet. Sakamakon 1 ko sama da haka yana nuna ciwon na jin magungunan platinum, irin su carboplatin, sosai, ƙasa da 1 yana nuna da wuya tiyata ta kwashe komai. Gudun saukar yake aunawa, ba inda lambar ta tsaya ba.

Wani abu da bai kamata a tsallake ba a irin wurarenmu: an tabbatar da ciwon da gutsuren nama kuwa? Tibin ciki na kawo ruwan ciki, rama, kaurin tantani da CA-125 mai ɗaruruwa, wani lokaci ya wuce dubu. Taurin hanta da ciwon zuciya su ma suna ɗaga shi, haka ƙarin mahaifa, jinin al'ada da farkon ciki. Ba a fara kimo da CA-125 da hoto kawai. Akasin haka kuma, sankarar ƙwan mace mai majina sau da yawa ba ta ɗaga CA-125, a nan wasu alamomin jini, CEA da CA 19-9, sun fi amfani.

Na_Ɗakin_Gwaji

Hajiya ta miƙo mana namu, to bismillah. Kowane kamfani da irin sinadarin da yake kama alamar da shi, da kuma ma'aunin da ya daidaita injinsa a kai. Jini ɗaya idan aka raba shi aka sa a Cobas na Roche, da Architect na Abbott, da mini VIDAS na bioMérieux, lambobi uku za su fito, ba don wani ya yi kuskure ba. CA 19-9 ya fi kowa wannan hali. Idan canjin lab ya zama dole, a raba jinin rana ɗaya a kai wa tsoho da sabo, sakamakon sabon ya zama sabon tushe. Idan tsohon ba ya aiki, a ja layi a takardar mara lafiya a rubuta sunan injin, a fara ƙirga daga nan. Ko a inji ɗaya ma, canjin da bai kai kusan kashi 25 cikin ɗari ba yana iya zama kai-komo na jiki da na inji kawai. Daga 1,240 zuwa 1,180 kashi biyar ne. Mu a wajenmu lamba ɗaya ce.

Wuraren da ake samun matsala kafin jini ya kai inji: a ɗiba a kwalba mai jan ko rawayan murfi, a bar shi ya daskare kamar minti talatin, a juya shi a raba ruwan jinin cikin awa biyu. Idan ba ranar za a auna ba, firij mai sanyin digiri 2 zuwa 8 zai riƙe shi kwana biyu zuwa uku lafiya, fiye da haka sai firiza mai 20 ƙasa da sifili. Firizar da wuta ke ɗaukewa ta narke ta sake ƙanƙara kullum ba ma'ajiya ba ce. Jinin da aka tura tasha a aljihun direba da zafin Afrilu, ba a raba shi ba, kada a gina hukunci a kansa. Kada kuma a ɗiba daga hannun da ruwa ke shiga, zai tsinke ya nuna ƙasa.

A tambayi mara lafiya game da biotin, wani nau'in bitamin. Masu kimo da gashinsu ya zube kan sayi ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu miligiram 5 ko 10, kuma a injinan da ke aiki da biotin wannan na sa alamar daji ta fito ƙasa da gaskiya. A dakatar da shi kwana biyu zuwa uku kafin gwaji.

Sai babban tarko, wanda ya fi faruwa da hCG, sinadarin da gwajin ciki ke nema, da AFP, alamar sankarar hanta da ta maraina. Idan alamar ta yi yawa matuƙa, takan cika sinadarin kamawa har ya kasa haɗuwa, inji ya ba da lamba ƙarama, tsinken gwajin ciki ma ya nuna babu. Mace mai mahaifa kamar cikin wata shida, tana zubar jini, hoto ya nuna cikin mola, wato cikin da mabiyiya ta zama ƙullutai kamar 'ya'yan inabi, sannan hCG ya fito 700: wannan ba 700 ba ce. A rubuta mana a takarda cewa ana zargin lamba mai yawa, mu tsinka jinin ɗaya bisa goma, ɗaya bisa ɗari, har ɗaya bisa dubu. Haka kuma sakamakon da aka rubuta "sama da 1,000" ko "sama da 10,000" ba shi da amfani wajen bin magani, a dawo mana da shi a nemi ainihin lamba. A duba ma'auni ma: hCG na mIU/mL da IU/L abu ɗaya ne, amma AFP na IU/mL sai an ninka da 1.21 kafin ya zama ng/mL.

Dattijon_Onkoloji

Sun gama da CA-125, bari in ɗauki tambayarka ta "cikin kwana nawa". Kowace alama tana da lokacin da take ɗauka kafin ta koma rabi a jini idan an daina yin ta. Na hCG kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne, a kan kimo ana karɓar har kwana uku. Na AFP kwana biyar zuwa bakwai. Na CA-125 wajen kwana biyar bayan an cire ciwo gaba ɗaya, a kan kimo ya fi haka jinkiri domin ciwon na ci gaba da fitar da shi.

Inda wannan lissafi ya fi ƙarfi shi ne sankarar 'ya'yan maraina da ake ba haɗin magunguna uku na BEP duk kwana 21. Saurayi ya fara da AFP 8,000. Rabewa uku a mako uku: 4,000, 2,000, 1,000. Idan ranar zagaye na biyu ka tarar da kusan 1,000, tafiya ta yi kyau. Idan 4,000 ka tarar, lokacin rabewarsa ya zama kwana 21, ninki uku na yadda ya kamata. hCG 64,000 kuma, rabewa bakwai, ya kamata ya kusanci 500. Mai son lissafi ya ninka yawan kwanaki da 0.693, ya raba da ln (maɓallin logarithm na asali a kalkuleta) na lambar farko bisa ta biyu. Binciken GETUG 13 na Faransa da aka buga a 2014 ya ginu a kan wannan: masu ciwo mai tsanani da alamarsu ta yi nawar sauka bayan zagaye ɗaya aka ƙara musu ƙarfin magani, kuma dawowar ciwon ta ragu.

Kada ka auna a makon farko ka tsorata. Ƙwayoyin da magani ya fasa suna zubar da abin cikinsu cikin jini, lambar ta yi tsalle kafin ta sauko. CEA na yin haka a sankarar hanji, musamman da oxaliplatin, shi ya sa ba a kula hawansa a mako huɗu zuwa shida na farko. CA 15-3 na yi a sankarar mama. PSA, alamar sankarar prostate, na yi da maganin docetaxel, kuma ƙa'ida ita ce ba a tsayar da maganin don PSA kaɗai kafin mako 12.

AFP yana da nasa rikicin a wajenmu saboda yawan ciwon hanta nau'in B. Hanta mai kumburi ko mai farfaɗowa tana fitar da AFP. Idan ya sauka ya tsaya a 20 ko 30 ya ƙi gaba ya ƙi baya, a duba HBsAg (gwajin ƙwayar cutar B) da ALT (gwajin kumburin hanta) kafin a ce ciwo ya saura. Gwajin HBsAg ma kafin a fara kimo ya kamata a yi shi, domin kimo na tayar da ƙwayar cutar. CA 19-9 kuma toshewar hanyar matsarmama kaɗai na iya kai shi ɗaruruwa ko dubbai, don haka ga mai shawara sai an buɗe hanya idonsa ya washe kafin a ɗauki tushe. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya yin CA 19-9 sam saboda rukunin jininsu na Lewis, kashi biyar zuwa goma cikin ɗari a Turawa, a baƙar fata sun fi haka yawa. Mai shan taba CEA ɗinsa kan ɗan haura ba tare da ciwo ba. Alamar da ba ta hau ba tun kafin magani, ba a ɓata kuɗin dangi wajen bin ta.

Batun a bar CT: a'a, in ban da wuri ɗaya. Ciwo ɗaya na iya ƙunsar ƙwayoyi iri-iri, masu fitar da alama su mutu, marasa fitarwa su ci gaba. Misali ƙarara shi ne teratoma, wani nau'in ƙarin maraina, mai ci gaba da girma: AFP da hCG sun koma daidai, ƙullutu a bayan ciki yana ta ƙaruwa, kuma maganinsa wuƙa ce, ba ƙarin kimo ba. Ma'aunin hoto shi ne RECIST 1.1 na 2009. A zaɓi ƙullutu biyar iyaka, kada su wuce biyu a gaɓa ɗaya, kowane ya kai milimita 10, kaluluwa kuma gajeren gefenta ya kai 15. A tara tsawonsu. A ce 42 da 30 da 18, jimla 90. Saukar kashi 30, wato 63 ko ƙasa, magani ya karɓa. Idan ya sauka 60 sannan ya hau 72, kashi 20 kenan daga mafi ƙanƙanta kuma ya wuce milimita biyar, ciwo ya ci gaba, ko da yake 72 ba ta kai 90 ta farko ba. Nan ne matasa suka fi kuskure. Sabon ƙullutu ko ɗaya ne ya rushe komai. Idan kuɗin hoto biyu kaɗai ake da shi, ɗaya kafin farawa, ɗaya a inda za a yanke shawara.

Sabon_Likita

Allah ya ƙara ilimi, ranka ya daɗe. Wane wuri ɗaya ne kake nufi? Sannan bayan an gama zagaye shida, a ci gaba da auna CA-125 duk wata?

Likitar_Mata

Malam yana nufin sankarar mabiyiya, wadda ke biyo bayan cikin mola, ko ɓari, ko haihuwa. Galibin nau'o'inta na yin hCG sosai, don haka lambar na tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan ciwon. A 1956 Min Chiu Li a Cibiyar Sankara ta Amurka ya ba mai wannan ciwo methotrexate ta warke. Ya nace da ci gaba da magani har sai hCG ya ɓace ko da hoton huhu ya washe, aka sallame shi daga aiki a kan haka, daga baya aka gane shi ke da gaskiya.

Bayan an wanke mola ana auna hCG duk mako. Idan lambobi huɗu na ranar 1, 7, 14 da 21 suka tsaya cikin kashi 10 na juna, ko lambobi uku cikin mako biyu suka riƙa hawa da fiye da kashi 10, ciwo ya kafu. Mai maki 6 zuwa ƙasa a ma'aunin haɗari na FIGO, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, ana ba ta magani ɗaya. Tsarin asibitin Charing Cross na Landan shi ne methotrexate miligiram 50 a tsoka ranar 1, 3, 5 da 7, da folinic acid miligiram 15 a baki ranar 2, 4, 6 da 8, a maimaita duk kwana 14. Idan hCG ya tsaya ko ya hau a kan magani, a koma actinomycin D in lambar ba ta da yawa, ko haɗin magunguna biyar na EMA-CO in tana da yawa. Mai maki 7 zuwa sama da EMA-CO ake fara mata. Idan lambar ta koma daidai ba a tsayawa, a ƙara mako shida, wato zagaye uku. Tsallake wannan, mace ta ji sauƙi ta koma gida, na ƙara haɗarin dawowar ciwo. Sannan tsarin iyali na wata 12, a zaunar da maigida a yi masa bayani, domin sabon ciki zai ɗaga hCG a kasa bambancewa.

Lamba ƙarama da ta ƙi tafiya, kamar 8 ko 12, kada a yi gaggawar ƙara kimo. A auna fitsari: idan jini ya nuna fitsari bai nuna ba, mai yiwuwa wasu garkuwoyin jiki ne ke yaudarar inji. Matar da ta daina al'ada, ko wadda kimo ya kwantar wa ƙwai, wata 'yar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa na fitar mata da hCG kaɗan, yawan FSH, sinadarin da gaɓar ke fitarwa don motsa ƙwai, zai nuna haka.

Batun CA-125 bayan gama magani, binciken OV05 da Rustin ya jagoranta a Birtaniya, aka buga a 2010, ya gwada fara kimo da zarar lamba ta ninka iyakar lafiya da kuma jira sai alamun ciwo sun bayyana. Rukunin farko sun fara magani kusan wata biyar da wuri, ba su fi daɗewa a raye ba, sun dai fi shan wahalar kimo. Ni ina ganin duk wata ya yi yawa. Duk wata uku tare da duba jiki ya wadatar, kuma a gaya mata tun farko cewa hawan lamba hoto zai jawo, ba ƙarin ruwa nan take ba.

Dattijon_Onkoloji

A nan na ɗan saɓa da Hajiya. An yi OV05 kafin a samu hujjar sake tiyata idan ciwo ya dawo. Binciken DESKTOP III na Jamus ya nuna matan da aka zaɓa da kyau, aka kwashe ciwon tas a karo na biyu, sun fi daɗewa. Ga mace mai ƙarfin jiki da tiyatar farko ta share komai, gano dawowa da wuri na iya buɗe wannan ƙofa, don haka ba zan bari a wuce wata uku ba, kuma da ta ninka zan nemi CT a makon, ba sai an jira ciki ya kumbura ba. Inda babu mai yin irin wannan tiyata, maganarta ta fi tawa.

Za ka ji ana maganar gwajin ɓurɓushin DNA na daji a jini. Yana ɓacewa daga jini cikin awa biyu ko ƙasa, don haka yana nuna halin da ake ciki a ranar. A binciken DYNAMIC na Ostireliya, 2022, masu sankarar hanji mataki na biyu da aka bi da wannan gwaji kashi 15 ne suka sha kimo bayan tiyata maimakon kashi 28, kuma dawowar ciwo cikin shekara biyu ba ta ƙaru ba. Sai dai yana buƙatar kwalba ta musamman mai riƙe ƙwayoyin jini, ko a raba jinin kwalbar EDTA, mai hana jini daskarewa, cikin awa huɗu zuwa shida, in ba haka ba fararen ƙwayoyi su fashe DNA ɗinsu ya binne na dajin. Ga matar misalinka ba shi da gurbi tukuna. Ka samo takarda ɗaya ka ja mata layuka biyar: kwanan wata, zagaye na nawa, lamba, sunan inji, da ranar da aka zuƙe ruwa na ƙarshe. Ka manna ta a bangon fayil daga ciki, ka ba 'yarta kwafi ta riƙe a jaka.